Ka Wanke Ubana, In Wanke Naka

Da sunan Allah, wanda ya saukar da cuta ya saukar da magani. Tun farko in faɗa, labarin nan akwai kashi da fitsari a cikinsa. Wanda ransa ba ya ɗauka ya ajiye takardar, amma ya sani in yana da tsoho a gida ranar tana nan tafe, ba ta kuwa yin sallama.

Sunana Idi. Dakon siminti nake yi a Malbaza, daga sito zuwa bayan kamyo, babbar motar kaya, yau shekara goma sha huɗu. Ina da mata, Rabi, da ɗiya huɗu. Mu Gobirawa ne, kakanmu ne ya zo Tajaye ya sari daji, can aka haifi ubana Nomau, can aka haife ni. Ni ne ɗan farinsa, kuma nan ne tushen wahalar da muka sha. Tun da na yi wayo Baba bai taɓa kama sunana ba, bai taɓa kai loma baki ina kallo ba. In yana nemana sai ya ce da wani, "Kira mini wancan." Ban taɓa jin zafi ba, haka muka taras, ni ma haka nake yi da tawa ta fari. Kunya abu ce mai kyau muddin kowa yana tsaye da ƙafafunsa.

Ciwon ya same shi bayan an gama ɗaurin gero. Yana alwalar azahar sai buta ta kuɓuce masa, ya sunkuya zai ɗauka, ya kife. Inna ta rasu shekara uku kafin nan, ƙanena Salisu yana Abijan yana tallar agogo, saboda haka ni aka aiko wa. Na iske bakinsa ya karkace, hannun dama da ƙafar dama kamar aro aka ba shi. Muka ɗora shi a amalanke har bakin kwalta, daga nan motar haya ta kai mu asibiti.

Kwana biyu muka yi kafin mu ga lokotoro. Can ba mutum ke tsayawa layi ba, takalmi ke tsayawa. Ka ajiye silifa guda ka koma inuwa kana tsaronsa da ido kamar mai kiwon tunkiya ɗaya. Lokotoron yaro ne, ya fi mu gajiya, amma na gode masa don ya yi mini magana yadda zan gane. Ya ce tansiyo ce, jini ya hau ya fasa hanya a cikin kai. Ya ce a raba shi da gishiri. Sai maganar da ta zauna mini har yau: "Ku riƙa juya shi kamar masa a tanda. Gefen da aka manta shi ke ƙonewa." Takardar magani kuwa, shekarar da darajar kuɗinmu sefa ta faɗi ce, ragon da na turke don layya shi ya tafi.

Kwana takwas muka yi a kwance. Duk kwanakin nan bai san inda kansa yake ba, ni ke wanke shi, ni ke sake masa zane, ban ga wata wuya ba. Wanda ke wuni ƙarƙashin buhun siminti, tsoho ramamme ba kaya ba ne a wurinsa. Aka sallame mu, na kawo shi gidana a Malbaza, na ba shi ɗakin da ke kusa da zaure. Ina ta murna hankalinsa ya dawo. Ashe dawowar hankalin ce farkon jinyar.

Safiyar farko na shiga da bokitin ruwan ɗumi da sabulu. Yana ganina ya kai hannun hagu ya damƙe zanen a ƙirjinsa, ya juya fuska bango. Na ce, "Baba, a daure." Na ja zanen, ya ja. Mutumin da bai iya ɗaga cokali da dama, ban san inda ya samo ƙarfin nan a hagu ba. Rabi ba ta cikin lissafi, surukarsa ce, ko ƙofar ɗakin ba ta tsayawa sai ta durƙusa daga waje ta yi gaisuwa. Na yi masa ta ƙarfi ranar, na sake yi kashegari. A karo na biyu ina goge masa baya na ji jikinsa yana rawa. Na ɗauka sanyi ne. Da na juyo shi sai na ga kuka yake, ba sauti, hawaye na bin tsagen kumatunsa suna shiga kunne.

Daga ranar ya bar cin abinci.

Na ɗauka rashin gishiri ne ya sa tuwon bai yi masa ba. Rabi ta dama kunu, ta dama fura da nono mai kyau, ta nemo masa zuma. A ajiye, a ɗauke kamar yadda aka ajiye. Ruwa kawai yake kurɓa, shi ma daidai abin da zai tura ƙwaya. A kwana na uku ina faɗa a tsakar gida, Rabi ta ce, "Maigida, kai ba ka gane ba? Abin da bai shiga ba ai ba zai fita ba." Na zauna a kan turmi. Ubana ya yi lissafinsa tsaf: gara yunwa ta kashe shi da ɗan farinsa ya sake ganin tsiraicinsa.

Sati na uku 'yan uwa suka fara zuwa dubiya, kowa da shawararsa a aljihu. Gwaggo ta ce iska ce ta buge shi a gindin tsamiya, ta kawo turare, muka yi ta hayaƙi har yara suna tari. Wani ya kawo rubutu, shi kam Baba ya sha, don ruwa ne. Sai Baffa Arzika, ƙanen Baba, ya zo daga Tajaye ya zauna a zaure ya yanke hukunci. Ya ce, "Abin ai mai sauƙi ne. Jika ba ta kunya da kakanta. Ka fid da babbar ɗiyarka daga lakwal ta zauna da shi."

Na ce, "Baffa, shekararta goma. Ko ƙafarsa guda ba ta iya ɗagawa."

"Za ta koya. Boko ya fi uba ne?"

"Kai fa, Baffa? Ai kai ƙanensa ne, ba kunya tsakaninku. Ka zauna mana ko sati biyu."

Ya ce bayansa na ciwo, kuma bai gama roron wake ba. Ya bar mana goro biyu da addu'a mai tsawo. Yarinya kuwa ban fid da ta ba. Mushensu, malamin lakwal, ya ce kanta na ja, ni kuma na san abin da rashin karatu ya ɗora mini a wuya, buhu buhu nake sauke shi kullum. Ba zan kashe gaban ɗiya don in rufe bayan uba ba, duka biyun nawa ne.

Cikin satin nan kuma baƙon dauro ya kama ƙaramin ɗanmu Sani. Rabi ta koma zaman ɗakin shan magani da shi, goyo a baya, sauran uku suna gida ba mai dafa musu. Na yi fashin aiki kwana uku. Shugaban 'yan dako ya kira ni gefe ya ce yana tausaya mini, amma akwai mutum ashirin a bakin ƙofa masu jiran wuyana ya gaji.

Nan na fara yawon neman waɗanda ke cikin irin halina, don na ce ba zai yiwu a duk ƙasar nan ni kaɗai ke da tsoho da yara a lokaci guda ba. Na je wurin liman. Ya yi mini nasiha mai kyau a kan haƙƙin iyaye, ban musa ko ɗaya ba, amma da na ce, "Malam, to wa zai wanke shi gobe da safe?" sai ya ce Allah zai kawo mafita. Na hau mota na je wani buro a Konni da aka ce ana taimakon iyali. Wata mata mai kirki ta duba takardunta ta ce suna da abin yara 'yan ƙasa da shekara biyar da na mata masu ciki, tsofaffi kuwa ai a ƙasarmu dangi ke riƙe su. Na ce da ita ni ne dangin, ga ni gaba ɗaya a kan kujerarta. Na faɗa wa abokan aiki wurin shan shayi, sai kowa ya sa ido a cikin kofinsa, ɗaya ya ce, "Allah ya ba da lada," aka koma zancen ƙwallo. Daga baya na gane biyu daga cikinsu suna da irin wannan a gida. Kowa ya rufe ƙofa yana ruɓewa shi kaɗai, wai rufin asiri.

Ranar da ya cika kwana goma sha ɗaya ba ci, na ga fatar kwankwasonsa ta fashe, faɗin bakin kofin shayi. Idanunsa sun faɗa, ya bar ma damƙe zanen, ba don ya yarda ba, don ƙarfin ya ƙare. Na sake ɗaukarsa sai asibiti, na ajiye silifa a layi, na shimfiɗa shi a inuwa.

Kusa da mu akwai wani baƙin mutum gajere, hannuwansa duk tabon wuta, shi ma da nasa tsohon a tabarma. Ya leƙo ya ga tsagen Baba, sai ya miƙe ya riƙe ƙugu.

"Wa ya kawo bawana asibiti ba a nemi izinina ba?"

Daga jin Hausarsa na san Bazabarme ne. Tsakaninmu da Zabarmawa wasa ne tun kakanni, kowa na cewa shi ne ubangijin ɗaya, kuma duk abin da suka faɗa maka ba ka da ikon fushi. Amma ni ranar ba ni da bakin wasa. Zan ce ya rabu da mu ke nan sai na ga Baba ya buɗe ido. Mutumin da ya kwana huɗu bai ce uffan ba, ya motsa karkataccen bakinsa ya ce, "Mai cin ganye."

Bazabarmen ya yi dariya har da buga cinya. "Ka ji shi ko? Yana mutuwa ma bai bar rashin kunya ba. Kai tsoho, wa ya ce ka rame haka? In na kai ka kasuwa wa zai saye ka?" Ya durƙusa kusa da shi, wari ya buge shi, bai ko yamutsa fuska ba. Ya ɗago ya dube ni. "Kai ne na fari?"

Na ce ni ne.

"Na sani. Ga nawa can, ni ma haka. Tafi ka sayo sabulu. In ka kawo ka koma bakin ƙofar asibiti ka ƙirga motoci, kada in ga ƙeyarka."

Sunansa Saini, walda yake yi a garejin tashar Malbaza, ubansa Hima ya karye a ƙugu wata biyar da suka wuce bai sake tashi ba. Garinmu ɗaya, tsakanin gidana da nasa tafiyar da ba ta kai a sha kofin shayi ba, kuma ban taɓa sanin yana cikin wannan hali ba.

Na kawo sabulu, na tafi, amma ban yi nisa ba, na laɓe bayan katangar wurin wanki. Ina jin Saini yana cewa, "Saki zanen. Mi kake ɓoyo? Dukiyata ce, ina da ikon duba ta." Ina jin Baba yana zaginsa da rabin baki, zagin da ban taɓa sanin ya iya ba. Da na dawo na iske shi fes, an jingina shi da bango, Saini na riƙe da ƙwaryar kunu yana cewa, "Sha. Bawa ba ya mutuwa sai ubangijinsa ya ce." Na juya baya don kada ya gan ni ya fasa. Ya shanye ƙwaryar.

Saini ya goge hannu a wando ya nuna mini nasa tsohon da haɓa. "To, ga naka bawan can. Ruwa ya rage."

Na je na tsaya kan Baba Hima, ban san ta inda zan fara ba, ni ba mai surutu ba ne. Na ce, "Tsoho, an ce ganye ya ƙare a ƙasarku shi ya sa kuka biyo mu." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wanga Bagobiri ko wasan ma bai iya ba. Zo ka yi aikinka."

Tun daga ranar muka ɗaure magana. Kullum bayan sallar asuba in ɗauki bokitina in nufi gidansa, ya ɗauki nasa ya nufi gidana, mu gamu a hanya wajen masu ƙosai, kowa ya ce wa ɗan uwansa, "A gaida bawana." Da yamma bayan an tashi aiki mu sake. Juyin rana kuwa ba ya buƙatar tuɓe zane, wannan Baba ya yarda in yi masa in na leƙo gida lokacin hutun azahar. Cikin sati uku gyambon ya kame. Matan ma suka gane juna. Ranar da Rabi ke wurin magani da Sani, tukunyar gidan Saini ke ciyar da yarana, ranar da matarsa ta haihu tamu ta ciyar da nasa. Babbar ɗiyata ba ta yi fashin lakwal ko na kwana ɗaya ba.

Mutum biyu da bokiti kullum da safe ba sa ɓoyuwa a gari kamar Malbaza. Aka sa mana suna 'yan bokiti. 'Yan tasha suna ganinmu su ce, "An tafi sarwis?" Mu ce an tafi. Amma cikin masu dariyar ne wani ya biyo ni har bayan sito, ya tsaya yana kame-kame, sannan ya ce ubansa ya makance kuma ya fara sakin fitsari, matarsa ta ce ko ita ko tsohon. Na ce ya zo garejin Saini ran Juma'a bayan an sauko. Ya zo. Juma'a ta gaba ya zo da wani. Kafin damina mun kai mu bakwai a ƙarƙashin itacen dogon yaron da ke bayan garejin, har da wani Bafillace mai sayar da nono daga wajen Dogarawa da ke zuwa a kan jaki. Wanda ya sami abokin wasa ya huta, wanda bai samu ba baƙo ma ya isa, don tsoho ya fi jure idon baƙo da idon ɗan da ya haifa. Masu tsofaffi mata kuwa matanmu suka shirya nasu a tsakaninsu, ba mu shiga ba.

Ba mu da shugaba, ba mu da takarda. Doka biyu ce: ba mai wanke nasa, kuma abin da ka gani a ɗakin wani ya mutu a ɗakin. A wurin nan na koyi a sa tsohuwar tiyub ta mota ƙarƙashin ƙugu don kada fata ta ci tabarma, a shafa man kaɗe bayan wanka, a ɗaga mutum da zane ba da hammata ba. Saini ya yanke mana kujerun ƙarfe masu rami a tsakiya. Amma ba dabarun ne suka fi riƙe ni ba. Wata Juma'a Garba, mai makahon uban nan, ya ce, "Ni fa wani lokaci in na ji ya yi shiru a ɗaki, sai in ji zuciyata ta yi sanyi kafin in tuna in ji tsoro." Ba wanda ya ce masa ya yi istigfari. Saini ya zuba masa shayi, Bafillacen ya ce, "Ni jiya ma." Sannan aka ci gaba da zancen tsadar sabulu. Na koma gida ranar kamar an sauke mini buhu biyu.

Ba duka ne ya yi daɗi ba. Mun karɓi wani mai bakin tsiya, ya yi sati biyu yana zuwa gidana lokacin da Saini ya yi tafiya, sai ga shi a kasuwa yana ba da labarin yadda jikin Nomau ya koma. Muka kore shi, amma magana ta riga ta hau mota ta isa Tajaye.

Ran wata Lahadi da hantsi Baffa Arzika ya sauka da mutum biyu da amalanke. Saini yana ɗakin Baba yana yi masa aski. Baffa bai ko zauna ba.

"Idi, abin da nake ji gaskiya ne? Kana kwaso 'yan tasha suna tuɓe yayana? Mu da muke da dangi cike da gari? Ka tona mana asiri, ka mai da gidan Nomau abin hira a kasuwa. Yau zan tafi da shi gida."

Na ce, "Wa zai riƙe shi can?"

"Dangi."

"Wane ne dangi, Baffa? Faɗi sunansa in san shi."

"Kada ka yi mini rashin kunya."

Na shiga na ɗauko bokitin da soso na ajiye a gabansa. Na ce, "Ba rashin kunya ba ce. Ga shi. Lokacin wankan yamma la'asar ne. In ka yi na yau da na gobe da safe, ni da kaina zan ɗora shi a amalanken." Mutanen da ya zo da su suka sunkuyar da kai. Ya tsallake bokitin ya shiga ɗakin, na bi shi na tsaya daga ƙofa.

"Yaya, tashi mu tafi gida. Ba za ka ƙare a hannun bare ba."

Baba yana jingine, rabin kansa da kumfa. Maganarsa ta ɗan sake a lokacin, ana ganewa in an saurara. Ya ce, "Arzika, kai za ka wanke ni?"

Baffa ya ce, "Ai za a samu wanda..."

"Kai nake tambaya."

Saini yana ta wasa askarsa a tafin hannu kamar ba ya wurin.

Baba ya ce, "To bar mini bawana. Kai kuma ƙarasa askin, ka bar ni kamar ɗan akuya."

Saini ya ce, "Ka ga irinta ko, Baffa? Ko godiya babu. Don dai na riga na saye shi ne."

Amalanken ya koma ba kowa. Baffa ya yi wata shida bai taka gidana ba, har yau akwai waɗanda ba sa amsa gaisuwata da kyau a Tajaye. Su riƙe abarsu. Ni na san warin da ke cikin rufin asirin da suke magana, na kwana goma sha ɗaya ina shaƙarsa.

Saboda haka kai da ke karanta wannan, in naka ya kwanta ga kuma yara na jiran tuwo, kada ka tsaya jiran dangi su gama roron wake. Kada ka yi wa tsoho ta ƙarfi kamar yadda na yi, wannan kukan har yanzu ban yafe wa kaina shi ba. In ya bar ci, kada ka tsaya zargin miya. Ka je layin asibiti ka dubi masu zama kusa da tabarma, ba masu kwanciya a kai ba. Wanda ka ga idonsa ya yi ja kuma yana warin sabulu, ɗan uwanka ne, yi masa magana. Ba buro ne zai haɗa ku ba.

Baba ya yi shekara ɗaya da wata huɗu bayan wancan kunun. Ya yi ƙiba har Saini na ƙorafi. Ya ga yayen Sani, ya ga babbar ta ci jarrabawa. Wata safiya ciwon ya sake bugunsa, kafin azahar ya cika. Allah ya jiƙansa, ya sa jinyar ta zama kaffara. A Malbaza muka rufe shi, aka shimfiɗa tabarmin makoki a ƙofar gidana. Salisu ya iso daga Abijan a kwana na biyu da babbar riga da kuka mai yawa.

'Yan bokiti sun ce in zauna har bakwai, Garba zai riƙe mini Baba Hima. Ran sadakar uku da safe, tabarmi cike da mutanen Tajaye, Rabi ta aiko a kira ni cikin gida. Ta ce matar Saini ta faɗa mata tsohon ya ƙi Garba, ya ce hannunsa kamar na mai kirɓa sakwara, ba mai taɓa shi sai Bagobirinsa. Kwana biyu ke nan yana kwance gefe ɗaya. Saini yana nan waje cikin masu gaisuwa tun asuba, bai ce mini komai ba.

Na ɗauki bokiti na fito ta gaban jama'a, don gidana ƙofa ɗaya gare shi. Salisu ya taso ya riƙe mini hannu.

"Yaya, ina za ka? Yau uku fa. Mutane na zuwa gaisuwa, mi za a ce?"

Na ce, "Zauna ka karɓa, kai ma ɗansa ne. Wannan aikin ka iya shi."

Na iske Baba Hima fuska a bango. Na yi sallama, na ajiye ruwan. Bai juyo ba ya ce, "An ce bawana ya gudu."

Na ce, "Ya gudu, Baba."

"Ba sallama, ba komai. Halinku ke nan." Ya ɗaga hannu ya yi wa ubana addu'a da Zabarmanci, mai tsawo, ban ji ko rabi ba, na dai riƙa cewa amin. Da ya shafa ya sa yatsa a bokitin. "Ruwan nan ya huce. Don ubanka ya mutu shi ne ka manta yadda ake dafa ruwa?"

Na sa zane na juya shi. Kwankwason ya yi ja wur, yana da zafi a tafin hannu, amma fatar ba ta fashe ba. Da na zauna a tabarma har bakwai kamar yadda mutunci ya ce, da ta fashe.